Yadda Ake Shirya Tsohuwar Jif Mai Ƙarancin Tafiya Don Gwanjon Intanet

Mutumin da zai taya motarka a gwanjon intanet ba zai taɓa ta da hannunsa ba. Ba zai rufe ƙofarta ya ji irin ƙarar da take yi ba, ba zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ba, ba zai shaƙi warin cikinta ba. Yana can nesa da waya a hannu, ana so ya saki kuɗi masu nauyi saboda wasu lambobi biyar da ya gani a mita. Mai hankali kuwa ya san mitar tsohuwar mota ba ta rantsuwa. Yawancin motocin wancan zamani, irin su Toyota Land Cruiser FJ40 da aka ƙera daga 1960 zuwa 1984, ko Ford Bronco na farko na 1966 zuwa 1977, mitarsu gurbi biyar gare ta. Da ta kai 99,999 sai ta koma sifili ta fara sabon lissafi. Motar da ke nuna 31,000 tana iya zama ta yi 31,000 ɗin, tana kuma iya zama ta yi 131,000.

Saboda haka abin da za ka kai kasuwa hujja ce, motar tana biye da ita. Duk aikin da za ka yi daga yau har ranar rufe gwanjo, ka auna shi da tambaya ɗaya: zai ƙara wa hujjar ƙarfi ko zai goge ta?

Takardu kafin bokitin ruwa

Kada ka fara da wanki. Fara da tattara duk wata takarda da ta taɓa bin motar: rasiɗin sayenta na farko, littafin sabis, rasiɗan gareji, takardun rajista, takardun gwajin lafiyar mota, inshora, tsofaffin hotuna, har da 'yan takardun nan da bakanike ke mannawa a jikin ƙofa ko gilashi idan ya canja baƙin mai. Waɗannan 'yan manne-manne kada ka ɓanɓare su, ko da sun yi muni. Kowace ɗaya tana ɗauke da kwanan wata da adadin tafiya, kuma ba mai sayarwa ne ya rubuta ta ba.

Ka shimfiɗa su a tebur bisa tsarin shekaru, ka rubuta jeri: shekara kaza, mita tana nuna kaza. Abin da kake nema shi ne lambobin su riƙa hawa a hankali ba tare da tsalle ko komawa baya ba. Idan akwai shekaru goma da babu takarda ko ɗaya, nemi dalili. Wataƙila mai ita ya rasu aka kulle ta a gareji. Idan tsohon mai ita ko iyalinsa suna nan, roƙe su su rubuta abin da suka sani su sa hannu. Idan ba ka samu komai ba, to giɓin yana nan, kuma haka za ka faɗa.

Daga nan duba lambar shasi. Wadda ke takarda dole ta yi daidai da wadda ke kan farantin jikin mota da wadda aka buga a ƙarfen shasin kansa. Harafi ɗaya ya saɓa, gyara shi a hukumance tun yanzu, domin ciniki da yawa sun watse a kan wannan bayan an gama tayi. Lambar shasi mai gurbi 17 ta zama ƙa'ida ne a Amurka daga motocin 1981, don haka kamfanonin binciken tarihin mota irin su Carfax ba su da abin cewa a kan waɗanda suka girmi wannan shekara. Akwai wasu hanyoyin. Mai Land Rover yana iya neman takardar shaidar ƙira daga British Motor Museum da ke Gaydon a Ingila, wadda ke nuna ranar da motar ta fito daga masana'anta da launinta na asali. Mai Bronco daga ƙirar 1967 yana iya neman Marti Report, wanda ake fitarwa daga bayanan kamfanin Ford. Ba za su tabbatar da adadin tafiya ba, amma suna tabbatar da cewa motar ita ce ita.

Idan duk ka yi wannan kuma hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba, rubuta cewa mita na nuna kaza amma ba a tabbatar da ainihin tafiyar ba. Farashi zai ɗan sauka. Ya fi maka a kan a kama ka da da'awar da ba ka iya karewa, ga shi a ƙasashe da yawa ƙarya a kan mita laifi ne a gaban doka.

Motar ma tana ba da shaida

Takarda tana ɓata, amma jikin mota ba ya mantuwa. Robar fedar birki da ta kuloci, gefen kujerar direba inda ake zamewa a shiga, sitiyari, kan sandar giya, shimfiɗar ƙasa inda dunduniya ke zama, maƙalan ƙofar direba: waɗannan su ne wuraren da amfani ke ci. A motar da ba ta yi tafiya ba, zanen robar feda yana nan, ƙofa ba ta sunkuya ba, rubutun maɓallai bai goge ba.

Nan ne masu sayarwa da yawa ke yi wa kansu ɓarna da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga robar feda ta ɗan tsufa sai ya sa sabuwa, ya ga kujera ta ɗan koɗe sai ya kai a sake mata riga. Garin gyaran gira ya rasa ido. Sabuwar robar feda a motar da ta shekara 45 ba ta cewa komai sai dai ta sa mai saye ya tambayi abin da ake ɓoyewa. Bar su yadda suke.

Zama ma ciwo ne

Mota mai ƙarancin tafiya mota ce da ta daɗe a tsaye, kuma tsayuwa tana da nata cututtuka. Roba tana bushewa, fetur yana lalacewa ya zama danƙo a cikin tanki da kafireto, man birki yana shan danshin iska ya ci silinda daga ciki, ruwan lagireto yana rasa ƙarfin hana tsatsa. Ɓeraye kuma suna son wayoyi da cikin kujeru.

Idan ta shekara ba a tayar ba, kada ka sa sabon batir ka murɗa makulli don ka ga ko za ta tashi. Ka zuƙe tsohon mai daga tanki, ka canja matatar mai. Ka cire fulogai, ka ɗiga ɗan mai a kowace silinda, ka bar shi ya kwana, sannan ka juya injin da hannu da sifana ka ji ko yana juyawa lafiya. Canja baƙin mai da matatarsa. Juya injin da sitata ba tare da fulogai ba har sai mai ya zagaya, sannan ka mayar da su ka tayar. Kafin ka zubar da tsohon baƙin man, dube shi da kyau. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga, kuma wannan magana ce ta daban da dole a warware.

Birki ba a ciniki a kansa. A canja man birki, a duba tiyo na roba da silindar kowace taya, duk wanda ke yoyo ko ya tsage a canja. Haka tiyon mai, domin gobara ba ta tambayar tarihin mota. Injin da ke da bel na taimin, kamar 200Tdi da 300Tdi na Land Rover, shekaru ke kashe bel ɗinsa ko bai yi tafiya ba, kuma idan ya tsinke sai an buɗe injin. Injin 2F mai lita 4.2 da Toyota ta fara sa wa FJ40 a 1975 ba shi da wannan damuwa, haƙoran ƙarfe ke juya masa taimin.

Ƙa'idata a nan ita ce: abin da ya shafi rai da lafiyar injin a gyara, abin da ya shafi kwalliya a ƙyale. Kowane ƙarfe ko roba na asali da aka cire a zuba shi a kwali, a rubuta sunansa, ya bi motar. Rasiɗin kowane aiki ya shiga cikin takardu.

Tayoyi suna da ɗan rikici. A gefen taya akwai lambar da ke fara da DOT. Daga shekarar 2000, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira, misali 2314 na nufin mako na 23 na 2014. Idan lambobi uku ka gani, tayar ta girmi 2000. Tsohuwar taya hatsari ce a titi ko da zanenta bai cinye ba, amma idan ita ce ta asali, shaida ce mai ƙarfi, musamman safayar da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Mafita ita ce ka ɗauki hotunansu a jikin motar da lambobinsu, ka sa sababbi masu girman asali don tuƙi, ka ajiye tsofaffin su bi mai saye.

Sai abin da ya sa ake kiranta motar jeji. Gwada giyar taya huɗu, babba da ƙarama, ka tabbata tana shiga tana fita. Idan motar tana da makullan cibiyar tayoyin gaba da ake murɗawa da hannu, murɗa su ka gani. A motocin da ake sa musu taya huɗu lokacin buƙata kawai, kamar FJ40 da yawancin Jeep CJ-7, yi gwajin a kan ƙasa ko tsakuwa, domin a busasshiyar kwalta kayan giya suna ɗaurewa. Land Rover Defender kuwa kullum a taya huɗu take, abin da za ka gwada mata shi ne makullin tsakiya, wanda ke ɗaure aksul na gaba da na baya su juya tare. Duba bayan tayoyin gaba, inda ƙwallon aksul yake. Land Cruiser da Land Rover duka sun saba yoyon giris ko mai a nan idan sun daɗe a tsaye.

Tuƙa ta har injin ya yi zafi sosai, sau biyu ko uku, don matsalolin da ke ɓoye su fito a hannunka. Amma kada ka mai da ita motar yawo. Rubuta adadin da mita ke nunawa ranar da ka karɓe ta da adadin da ka ƙara.

Wanka, da inda ake tsayawa

Wanke ta da hannu, da sabulun mota mai laushi. Yawancin fentin wancan zamani ba shi da rufin fenti mai garau kamar gilashi a samansa kamar na yau, don haka injin goge fenti yana cinye shi da sauri, musamman a kusurwoyi. Gogewa kaɗan da hannu da ɗan kakin mota sun isa. Ciki kuma a share, a goge da ɗan danshi, kada a shafa man nan mai sa komai ƙyalli. A hoto yana sa roba ta zama kamar an jiƙa ta, kuma masu saye sun san shi.

Ƙarƙashin mota shi ne wurin da ake cin kasuwa ko a faɗi. Babban kuskure shi ne a fesa masa baƙin fenti ko kwalta mai hana tsatsa gab da sayarwa. Ko da shasin lafiya lau yake, wanda ya ga sabon baƙin fenti zai ɗauka ruɓa aka rufe, ya rage tayinsa daidai da tsoronsa. Wanke laka da maiƙo kawai. Idan motar ta kai darajar kashe mata kuɗi, akwai wanki da busasshiyar ƙanƙara, wato daskararren iskar kabon da ake harbawa da matsin iska. Yana ɗauke datti ya bar fentin masana'anta, har da alamomin alli da fenti da ma'aikata suka yi a kan aksul da shasi ranar haɗa motar. Masu tara tsofaffin motoci suna son ganin waɗannan alamomi fiye da yadda za ka zata.

Kayan ƙari da aka ɗora daga baya, irin su manyan tayoyi, fitilun zamani ko rediyo, idan kusoshi ne kawai ke riƙe da su kuma na asalin suna nan, mayar da na asalin. Abin da aka yanke kuwa ya yanku. Shi ya sa Bronco ɗin farko da ba a yanke mata bakin tayar baya ba take da nata matsayi a wurin masu saye.

Tsatsa da fenti

Nemo tsatsar da kanka kafin a nemo maka. A FJ40 duba ƙasan ƙafafu, dokin ƙofar baya, kusurwoyin baya da bakin rufi inda ruwa ke bi. A Land Rover kada jikin ya ruɗe ka: yawancin bangon jikinta alminiyam ne, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, amma shasi da bangon da ke tsakanin injin da direba ƙarfe ne. Duba ƙarfen da ya gitta a ƙarshen shasi, da hannuwan da ke riƙe da bodi, da ƙasan ƙofofi. Ɗaga shimfiɗar ƙasa. Ƙwanƙwasa shasi da ƙaramar guduma, ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi dum.

Idan za ka ce fentin na asali ne, samo na'urar auna kaurin fenti, ka auna kowane ɓangare a wurare uku ko huɗu, ka ɗauki hoton na'urar a kan motar lambar tana fitowa. Abin da ake dubawa shi ne daidaito. Ƙofa ɗaya da ta ninka sauran kauri an sake mata fenti, inda lambar ta yi tashin gwauron zabi kuma akwai fila, wato cikon da ake shafawa a lotsa, a ƙasa. A jikin alminiyam sai na'urar da ke iya karanta ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa. In an taɓa fentin wani ɓangare, faɗa. Mota mai fentin asali kashi mafi yawa da ƙofa ɗaya da aka gyara tana nan da darajarta.

Hotuna da bidiyo

Gani ya kori ji, kuma a nan kyamara ce idon mai saye da hannunsa. Hoto ɗari biyu ba su yi yawa ba. Ɗauka da sassafe ko da yamma liƙis, ko ranar da gari ya yi lumshi, a fili mai tsabta wanda babu tarkace a baya. Zagaya motar daga kowace kusurwa, kyamara a daidai tsayin fitila. Sannan ciki, injin daga kowane gefe, mita a kusa, fedoji, farantin lamba, lambar shasi, lambar injin, lambobin tayoyi, jak da kayan aikin da suka zo da ita, makullai, littattafai, da kowace takarda shafi-shafi. Rufe sunaye da adireshin mutane a takardun kafin ka ɗora.

Kai ta gareji mai na'urar ɗaga mota ka ɗauki ƙarƙashinta da fitila mai haske, daga bamba zuwa bamba. Kowane tabo, kowace lotsawa, kowane ɗigon mai, ɗauke shi a kusa da yatsa ko ma'auni a gefe don a san girmansa. Kada ka gyara launin hoto a kwamfuta.

Bidiyo uku nake ganin dole. Na farko tayarwa da sanyi: nuna allurar zafi tana ƙasa, ɗora hannu a kan injin don a ga bai yi aiki ba, sannan ka tayar, ka zagaya baya a ga hayaƙin salansa, duk a ɗauka ɗaya ba yankewa. Na biyu tuƙi, a ji kowace giya tana shiga, a ga birki, a ga lambobin mita suna juyawa, domin mitar da ta tsaya tana rushe duk maganar ƙarancin tafiya. Na uku zagaye a hankali, ana buɗe ƙofofi ana kunna fitilu. Kada ka sa kiɗa. Ƙarar injin aka zo ji. Idan ka ƙara da sakamakon gwajin matsin silinda daga bakanike, ka toshe bakin tambayoyi da yawa.

Dandali, bayani da farashi

Zaɓi dandalin da masu son irin motarka ke taruwa. Bring a Trailer da Cars & Bids suna Amurka, Collecting Cars da Car & Classic sun fito daga Birtaniya. Wasu sukan tace motocin da za su karɓa, su kuma rubuta bayanin da kansu daga abin da ka ba su. Karanta sharuɗɗansu a kan la'ada da wanda ke biyanta. Idan kana sa ran mai saye daga wata ƙasa, san cewa dokokin shigo da mota sun bambanta. Amurka, misali, tana sassauta wa motar da ta cika shekara 25.

Bayanin ya zama gaskiya tsirara: abin da motar take, hannu nawa ta bi, adadin tafiya da hujjarsa, aikin da aka yi da kwanan wata, sai jerin aibobi. Bar kalmomin zuga. Aibin da ka faɗa da bakinka ƙarami ne, wanda wani ya tono a hoto na 147 kuwa sai ya zama abin da kowa ke magana a kai.

Sai maganar mafi ƙarancin farashin da za ka sallama. Duba abin da irin motarka ta sayu a watannin baya, ba abin da masu ita suke nema ba, kuma ka kwatanta da masu irin yanayinta. Kuɗin da ka kashe da ƙaunar da kake mata ba sa cikin lissafin mai saye. Gwanjon da ba a sa masa iyaka ba yakan ja jama'a domin kowa ya san za a sayar, amma duk inda tayi ya tsaya dole ka sallama. Idan zuciyarka ba za ta ɗauka ba, sa iyaka mai ma'ana. Ka tuna motar da ta kasa kai iyakarta tana barin tarihi a intanet, kuma wanda zai taya ta gaba zai gani.

Kwanakin gwanjo

Yawanci mako guda ake yi. Kada ka sa shi a lokacin da za ka yi tafiya. Masu tayi za su yi tambayoyi a bainar jama'a, cikinsu akwai waɗanda suka san irin motar fiye da kai. Amsa da wuri, a taƙaice, da hoto idan an nema. Wanda ya zo da gatse ka ba shi amsa mai sanyi, domin masu kuɗin da ke shiru suna karanta halinka. In aka nuna maka kuskure a bayaninka, karɓa ka gyara. Wanda ya nemi ya zo ya gani ko ya turo bakanike, buɗe masa ƙofa.

Kada ka sa ɗan'uwa ko aboki ya riƙa tayi don ɗaga farashi. Dandali na korar mai yin haka, kuma a wurare da yawa zamba ce. Kada kuma hankalinka ya tashi idan kwana shida sun wuce farashi yana ƙasa. A Bring a Trailer duk tayin da ya shigo a minti biyun ƙarshe yana ƙara wa agogo lokaci, don haka masu niyya sukan jira ƙarshe.

Bayan an rufe, kada mota ko takardar mallaka su bar hannunka sai bankinka ya tabbatar kuɗin sun zauna. Hoton rasiɗin tura kuɗi ba kuɗi ba ne. Ku rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambar shasi da adadin da mita ke nunawa, ku sa hannu. Ranar da motar dako ta zo, ɗauki hoton jif ɗin ta kowane gefe da mitarta a gaban direban, ka nuna masa yadda ake tayar da ita da inda cok yake. Takardun asali kuwa kada ka bar su a cikin motar, aika su daban ta hanyar da ake sa hannu kafin a karɓa.